A Fasa Kowa Ya Rasa: Saƙo Zuwa Ga Bawana Bakano

Bawana, ina fatan kasuwa tana ci, don na san in ba ta ci ba ko sallama ba ka amsawa da kyau. Rufe littafin bashin nan tukuna, ka ce wa yaron shago ya ji da masu taya atamfa. Tambaya ce da ni.

An ba wani mutum da ba ka sani ba naira dubu goma, aka ce ya raba tsakaninku. Shi ke yankawa, kai kuma naka shi ne ka ce ka yarda ko ba ka yarda ba. In ka yarda, kowa ya soke nasa a aljihu. In ka ƙi, a kwashe kuɗin gaba ɗaya, kai babu, shi babu. Sau ɗaya ake yi. Ba tayi, ba albarka, ba "ƙara wani abu, Alhaji", kuma ba za ku sake haɗuwa ba. Sai mutumin nan ya ware dubu tara ya ajiye gabansa, ya turo maka dubu ɗaya. Me za ka yi?

Kada ka wahalar da kanka, na san amsar. Kafin a rufe baki ka ninke dubun ka tura aljihun gaba, ka ce da babu gara ba daɗi, wataƙila har ka tambayi mutumin ko gobe ma akwai rabo. Ba kai kaɗai ba ne. Masana tattalin arziki sun daɗe suna gina lissafinsu a kan cewa haka kowane ɗan Adam yake, wai mai hankali zai karɓi ko kwabo ne tunda kwabo ya fi babu. Wato Turawa sun zana mutum a kan siffar Bakano ba tare da sun taɓa taka Kantin Kwari ba.

A 1982 wani Bajamushe, Werner Güth, da abokan aikinsa biyu suka ce bari a daina zato, a gwada. Suka tara ɗalibai a birnin Kolon, suka yi wasan nan da kuɗi na gaske. Daga nan aka yi ta maimaita shi a ƙasashe da dama, abin da ake samu kuma kusan iri ɗaya ne: yawancin masu yankawa suna miƙa tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin 100, kuma in rabon ya yi ƙasa da kashi 20, kusan rabin mutane cewa suke a fasa kowa ya rasa. Suna ganin kuɗi, kuɗin halal ɗinsu ne, ba wanda zai san sun karɓa, amma su tafi hannu rabbana don kawai mai haɗama ma ya tafi haka. Na san abin da za ka kira wannan. Za ka ce hauka ne, ko ka ce girman kanmu na Zagezagi ne ya tsallaka teku. To zauna, likitocin ƙwaƙwalwa sun leƙa cikin kan masu wannan "haukar", ga abin da suka tarar.

A 2003, a jami'ar Firinsiton ta Amurka, Alan Sanfey da 'yan tawagarsa suka kwantar da mutum 19 cikin na'urar MRI, irin wadda ke nuna inda jini ya fi kwarara a ƙwaƙwalwa lokacin da mutum ke tunani. Kuɗin wasan dala goma ne. Wani lokaci a turo biyar, wani lokaci uku, ko biyu, ko ɗaya. Da zarar rabon wulaƙanci ya bayyana a allo, sai wani lungu da ake kira insula ya tashi da aiki. Yana can ɓoye a cikin ninkin ƙwaƙwalwa, daura da saman kunne, kuma an san shi tun kafin nan da motsawa in mutum ya shaƙi wari, ko ya ɗanɗana abin da ya ruɓe, ko ya ji zafi. Gwargwadon ƙarfin motsinsa, gwargwadon yadda mutum zai ƙi karɓa. Ka ga kenan da Bahaushe ya ce "abin nan ya tayar min da zuciya", ko ya tofar da yawu in an ba shi labarin wani zalunci, jikinsa ba ƙarya yake yi ba.

Akwai kuma wani abu a binciken da ya kamata mai shago ya riƙe. In aka gaya wa mutum kwamfuta ce ta yanka rabon, ba ɗan Adam ba, insula ba ta tashi sosai, kuma an fi karɓar kuɗin. Dala biyu dai dala biyu ce ko daga ina ta fito. Abin da ke ci wa mutum rai shi ne wani mai rai irinsa ya dube shi ya ga bai fi haka ba. Raini ake ƙi, ba ƙanƙantar kuɗi ba. Ɗan dakon da ka taɓa ba ni labari, wanda ya sauke maka dila ya ga abin da ka miƙa masa ya ajiye a kan kanta ya juya, kana dariya kana cewa ya yi asara, ba lissafi ne ya ɓace masa ba. Ya san nawa ya bari. Kai ne ba ka san abin da ya ƙi haɗiya ba.

Ƙyama kaɗai ba ta isa ta sa mutum ya cire kuɗi daga aljihunsa ba, sai da wani abu mai daɗi a gaba. Wannan kuma a Zurik ta ƙasar Suwizalan aka gano shi, garin bankuna, garin da in Allah ya kai ka na san sai an haɗa da 'yan sanda kafin ka dawo. A 2004 Dominique de Quervain da Ernst Fehr da wasu suka shirya wasan amana. Kowane ɗan wasa yana da kuɗi goma. In na farko ya amince ya miƙa nasa ga na biyu, sai masu binciken su ninka shi huɗu, ya zama arba'in, na biyu ya tashi da hamsin. Daga nan ya rage nasa: ko ya mayar da ashirin da biyar, ko ya haɗiye duka ya share baki. Maza 15 aka sa a matsayin masu ba da amana, kusan dukkansu kuma suka bayar. Da aka ci amanarsu, sai a ba kowa minti ɗaya ya yi tunanin hukuncin da zai yanke, ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsa da na'urar PET a cikin wannan mintin.

Dabarar tana wajen irin hukuncin. Wani lokaci hukunci ne na fatar baki, maki kawai za a rubuta wa maci amana, ko sisinsa ba zai ragu ba. Wani lokaci za a zaftare masa kuɗi na gaske, kai kuma ba ka biyan komai. Wani lokaci kuma sai ka biya ɗaya kafin a zaftare masa biyu. A duk inda hukuncin zai ciji mutumin da gaske, sai wani sashe a can tsakiyar ƙwaƙwalwa mai suna kaudet ya kama aiki. Wannan sashe yana cikin masu motsawa in mutum ya hango lada a ƙarshen wani aiki da zai yi. A hukuncin fatar baki kuwa bai damu ba. Kuma waɗanda kaudet ɗinsu ya fi zumuɗi lokacin da hukunci yake kyauta, su ne suka fi zuba kuɗinsu lokacin da aka sa masa farashi. A lokacin biyan ne wani sashe na goshi, saman idanu, yake shigowa yana auna daɗin da tsadar.

Bawana, ka gane abin da wannan ke nufi kuwa? Ciniki ne. Mai ramuwa ba zubar da kuɗi yake ba, saye yake yi. Akwai haja, akwai farashi, akwai mai auna ko ta ci kuɗinta. Bambancinku kawai shi ne kai hajar da za ka iya sawa a leda kaɗai ka sani. Kakanninmu da suka ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi sun faɗi ɓangaren wanda aka rama a kansa. Ɓangaren mai ramawa ne suka yi kawaici a kai, sai da na'ura ta tona: tun kafin ya rama yake lasar baki.

Yanzu ga wanda na fi so, don a cikinsa ne aka ƙera Bakano a ɗakin gwaji cikin minti goma sha biyar. A Zurik ɗin dai, a 2006, Daria Knoch da abokan aikinta suka yi amfani da wata na'urar maganaɗisu da ake ɗorawa a kai. Ba tiyata, ba allura. Tana aika bugu a hankali, sau ɗaya a kowace daƙiƙa, har minti goma sha biyar, sai sashen ƙwaƙwalwar da ke ƙarƙashinta ya yi sanyi na ɗan lokaci. Suka sanyaya wa wasu gefen dama na gaban goshi, wasu gefen hagu, wasu kuma aka ɗora musu na'urar ta bogi. Sannan aka kawo wasan rabo da faran 20, kuɗin ƙasar. Da aka turo faran huɗu, mai yanka ya riƙe sha shida, waɗanda aka yi wa ta bogi ko kashi 10 cikin 100 ba su karɓa ba. Na hagu ma ba su yi nisa da haka ba. Amma waɗanda aka sanyaya wa dama, kusan kashi 45 cikin 100 na irin wannan rabo suka karɓe.

Dakata, ba a zo wurin ba tukuna. Da aka tambaye su ko rabon nan adalci ne, sai suka ce a'a, zalunci ne ƙarara, daidai da yadda sauran suka faɗa. Idonsu bai rufe ba. Sun san an cuce su, sun faɗa da bakinsu, hannu kuma ya miƙa ya karɓa. Wallahi da na karanta wannan sai da na ajiye takardar na yi dariya, don muryarka na ji: "Gaskiya Alhaji ka cuce ni, Allah ya isa, kawo."

Abin da ya sa wannan binciken ya yi nauyi shi ne ya juya tunanin da aka saba. Kowa ya ɗauka fushi shi ne doki, hankali shi ne linzami, wato zuciya ke cewa ƙi, lissafi yana cewa karɓi. Har masu binciken Firinsiton ma haka suka fassara aikin wannan sashe na goshi, suka ce shi ne mai tuna wa mutum kuɗi. Sai ga shi da aka kwantar da shi, kwaɗayi ne ya sami sarari, ba fushi ba. Ashe karɓar ce mai sauƙi, kowa ma hannunsa ya iya ta. Ƙin karɓar ne ke buƙatar a danne son rai. Don haka daga yau in ka ce mini "ni mai lissafi ne", zan tambaye ka ko wani ya gifta da maganaɗisu ta gefen damanka.

Ba zan ce komai ba game da binciken da aka yi a Laifzig ta Jamus a 2007, inda Keith Jensen da abokansa suka shirya wa birai nau'in cimfanzi irin wannan wasa da busasshen inabi, suka tarar biran suna karɓar duk abin da aka turo musu muddin ya fi babu. Ban ce komai ba. Akwai zumunci tsakaninmu.

To, za ka ce, duk wannan surutun me ya ƙara wa mai ƙin karɓa? Shi dai ya tafi gida ba ko sisi. Haka ne. Shi bai ƙaru ba. Kai ka ƙaru, kuma a nan ne nake binka bashi.

A 2002 Ernst Fehr da Simon Gächter suka tara ɗalibai 240, suka riƙa raba su huɗu-huɗu. Kowa a ba shi ashirin, ga kuma asusu a tsakiya. Duk abin da aka zuba a asusun yana haɓaka, a raba wa mutum huɗun daidai, har da wanda bai zuba ko ɗaya ba. In kowa ya zuba, kowa ya ci riba. Amma mai wayo ya san in ya noƙe ya bar sauran suka zuba, shi ya fi kowa tashi da kaya. Bayan kowane zagaye sai a sake cakuɗa mutanen, yadda ba wanda zai sake zama da wanda ya taɓa zama da shi. Da aka yi wasan ba hukunci, zubi ya riƙa raguwa zagaye bayan zagaye, don mai zubawa ya gaji da zama saniyar tatsa. Da aka ba da damar hukunci, ka biya ɗaya a zaftare wa mai noƙewa uku, sai zubi ya riƙa hawa. Kashi 84 cikin 100 na ɗaliban sun yi hukunci aƙalla sau ɗaya. Ka lura, wanda ya biya ya hukunta ba zai sake haɗuwa da wanda ya hukunta ba. Gyaran da ya yi masa, baƙon da zai zauna da shi a zagaye na gaba ne zai ci moriyarsa.

Wannan baƙon kai ne, bawana. Me kake tsammani ya sa mai yanka rabo yake turo kashi 40 ko 50 tun farko? Ba don yana ƙaunarka ba ne, bai ma san ka ba. Wani ɓangare kirki ne, na yarda, amma babban ɓangare tsoro ne: ya san a cikin jama'a akwai masu zuciya da za su kifar da tiren. An gwada cire wa mai karɓa ikon ƙi, nan take abin da ake turowa ya faɗi warwas. Da duniya duk Kanawa ce, da kowane rabo naira ɗaya za a turo, ku karɓa kuna godiya. Bashin da kake bayarwa a Kwari ba takarda, kayan da kake aikawa Agadas ko Damagaram da kalmar baki, adashin da matarka take zubawa, duk suna tsaye ne saboda an san akwai wanda in aka cuce shi zai bar shagonsa ya yini yana bin sawun macuci, ya kashe a kuɗin mota fiye da abin da aka cinye masa, ya kai ƙara wurin shugabannin kasuwa, ya ɓata wa mutumin suna har ba mai sake ba shi ko yadi ɗaya. Shi ya yi asara, kasuwa ta gyaru, kai kana zaune kan benci kana kiransa marar lissafi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na ga ka fara gyara zama, kana jiran in ce mu masu zuciya waliyyai ne. Ba zan ce ba, don abin da ke da daɗi ba a rasa mai zarce ƙima a cikinsa.

A Landan, a 2006, Tania Singer ta kawo maza 16 da mata 16 suka yi wasan kuɗi da wasu mutum biyu da ba su san 'yan wasan kwaikwayo ba ne. Ɗaya ya riƙa yin adalci, ɗaya ya riƙa cuta. Daga baya aka sa kowa a na'ura yana kallo ana ɗana wa mutanen nan lantarki mai zafi a hannu. Da aka ɗana wa mai adalci, sassan da ke sa mutum ya ji zafin ɗan'uwansa suka motsa a maza da mata duka. Da aka zo kan macuci, na mata ya ɗan ragu kawai. Na maza kuwa ya yi tsit, sai ma sashen lada ya haska, kuma ya fi haskawa a kan waɗanda suka ce suna son ramuwa. Ku da kuke mana dariya wai Bazazzagi bai san bambancin mace da namiji a magana ba, to ga na'ura ta bambanta, kuma ba mu maza ne muka fita kunya ba. Mutum 32 ba su isa a yanke wa mazan duniya hukunci ba, haka ma 19 da 15 ɗin can na baya, kusan dukkansu kuma 'yan jami'a ne na ƙasashen Turawa. Sassan nan da nake ta ambata ma kowannensu yana da ayyuka barkatai, ba fitilar mota ba ce da za a ce wannan ta fushi ce, wannan ta daɗi. Amma duk wanda ya taɓa ganin fuskokin samari lokacin da aka yi ihun ɓarawo a kasuwa, ya ga yadda wanda ba a sata masa komai ba, bai ma san me aka sata ba, yake ratsa taro da gora yana murmushi, ba ya buƙatar na'ura. Wannan ba kishin gaskiya ba ne, kwaɗayi ne shi ma, kuma an sha kashe wanda bai ji ba bai gani ba a cikinsa. Dalilin ajiye alƙali kenan, mutumin da ba shi aka cuta ba, wanda zai saurari ɓangare biyu, ya kwana, sannan ya yanke.

Sannan ma'aunin namu ba a tsaye yake ba. A Kambirij ta Ingila, a 2008, Molly Crockett ta ba mutum 20 wani abin sha da ke rage sinadarin sirotonin a ƙwaƙwalwa na 'yan sa'o'i. A ranar da suka sha na gaske sun fi ƙin rabon wulaƙanci fiye da ranar da suka sha na bogi, alhali ra'ayinsu kan mene ne adalci bai canza ba. Mutum ɗaya, laifi ɗaya, hukunci biyu. Akwai kuma son kai. Thomas Baumgartner ya yi aiki da samarin da ake horarwa su zama hafsoshi a rundunar sojan Suwizalan, waɗanda aka rarraba rukuni-rukuni ba da zaɓinsu ba, makonni kaɗan kafin gwajin. In ɗan wani rukuni ya yi cuta, sai su sauke masa hukunci mai nauyi. In nasu ne ya yi irin ta, sai hukuncin ya yi laushi, sassan ƙwaƙwalwa masu hasashen abin da ke zuciyar wani su kama aiki, wato ana nemo masa uzuri. Makonni kaɗan kenan. Ina ga Kanawa da suka shekara ɗaruruwa a bayan ganuwa ɗaya? Shi ya sa in Bazazzagi ya yi jinkirin biya kake cewa halinsu ne, in ɗan Fagge ne kuma ka ce kasuwa ce ta yi masa nauyi.

Har akwai inda hukuncin ke juyawa kan mai kirki. A 2008 Benedikt Herrmann da abokansa suka kai wasan asusun nan birane 16. A Boston da Melbon mai noƙewa ake hukuntawa. A Maskat da Atina kuwa an samu da yawa suna biyan kuɗi don a zaftare wa wanda ya fi su zubawa, kuma a irin waɗannan wurare hukunci bai gyara zubin ba. Ba su zo Afirka ba ko gari ɗaya, don haka ka tsira, ni ma na tsira.

Ga kuma tukuicinka, don kada ka ce na zo da son zuciya. A 2011 wasu masana, cikinsu har da John List da Uri Gneezy, suka buga sakamakon wasan rabo da suka yi a ƙauyukan arewa maso gabashin Indiya, inda suka riƙa ɗaga kuɗin daga rufi 20 zuwa 200, zuwa 2,000, har 20,000, wanda ya haura abin da lebura zai samu a wata da watanni. A ƙananan kuɗi mutane sun yi ta fasawa kowa ya rasa. Da aka kai 20,000, cikin mutum 24 ɗaya ne tak ya ƙi. Zuciya tana nan, amma ta ga farashi ta koma ta zauna. Wato kowa yana da Bakano a cikinsa, sai dai namu ba ya farkawa sai kuɗi sun yi kauri, naku kuwa ƙarar sulalla ma tana tashinsa. Mutum ɗayan nan da ya ƙi, ina kyautata zaton in aka bi salsalarsa za a tarar kakansa daga Tudun Wadar Zazzau ya yi hijira.

Akwai ma hanya mai araha, wadda ya kamata ta burge ka. A 2005, a jami'ar George Mason ta Amurka, Erte Xiao da Daniel Houser suka ba masu karɓa damar rubuta wa mai yanka saƙo a takarda tare da amsarsu. Da mutane suka samu inda za su zazzage abin da ke cikinsu, ƙin karɓar rabon wulaƙanci ya ragu kusan da rabi. Su faɗa masa baƙa, su karɓi kuɗinsu. Wani lokaci ba asarar macuci mutum yake nema ba, so yake macucin ya ji cewa an gane shi. Kakanninmu da suka ƙulla wasa tsakanin Kano da Zazzau sun tanadi wannan takardar tun tuni: in faɗa maka duk abin da na ga dama, ka rama, a tashi ba wanda ya rasa ko anini. Ni ina ganin ma ku kuka kawo shawarar, don ita ce hukuncin da ba a biya.

Sauran labari ɗaya. Joseph Henrich da tawagarsa sun kai wasan rabo ga ƙananan al'ummu 15 a nahiyoyi dabam-dabam, suka buga sakamakon a 2001. Machiguenga na dajin Peru, waɗanda kowane gida ke cin gashin kansa, kusan kashi 26 cikin 100 suke miƙawa, kuma da wuya a ƙi. Mutanen Lamalera na Indunusiya, masu farautar kifin nan mai girman gida a kwalekwale, waɗanda ba wanda zai ci sai an haɗa hannu, fiye da rabi suke bayarwa. Amma Au da Gnau na Papuwa Niyu Gini su suka ɗaure wa masu binciken kai, don har rabon da ya wuce rabi suna ƙi. A al'adarsu kyauta igiya ce. Wanda ya ba ka da yawa yau zai dawo gobe da buƙata, kuma ba ka da bakin cewa a'a.

Waɗannan mutane ban san inda suka san ka ba. Ranar da na shigo Kwari ka tashi da kanka ka kawo mini lemo mai sanyi, ka yanko shadda yadi goma ka ce "haba ɗan'uwa, bar kuɗinka", ba zan taɓa ko ledar ba sai na kira shaidu biyu da mai rubutu.